'Yar Robar da ke Riƙe da Ƙafar Baya: Daga Filin Tsere zuwa Hanyar Kwoi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar da ta tashi daga Kwoi zuwa Kafanchan da hunturu, lokacin da aka haƙe citta, aka tsaga ta, aka shanya ta bushe, ya san irin motar da za mu yi magana a kanta. Tun daga nesa za ka hango ta, hancinta ya ɗaga sama, gindinta ya zauna daɓas, buhuna sun cika but har an ɗaure murfin da igiya, ga waɗansu a kan rufi, ga kuma fasinjoji a ciki sun matsu kamar goro a huhu. In ta wuce ka bi ta da kallo, sai ka ga bayanta ba ya bin gabanta sosai, yana ɗan karkacewa gefe, in ta shiga kwana kuma ya yi wani lilo kafin ya daidaita. Direbobi kan ce motar tana rawa, ko tana wutsiya. Galibinsu shokazoba suke ɗora wa laifi, ko iskar taya, ko lalacewar hanya. Amma sau da yawa mai laifin wata 'yar roba ce da ba ta fi dunƙulen hannu girma ba, wadda take can ƙarƙashin mota inda ido ba ya kai wa, kanikawa na kiran ta bushin.

Ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar Ham. Garin Kwoi shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jaba, kuma shi da Kachia da Kagarko da Jama'a su ne cibiyar noman citta a Nijeriya, sana'ar da ta kafu a kudancin tsohon lardin Zazzau tun wajen 1927. Buhuna da yawa da suka isa hannun 'yan kasuwa a Kano ko Legas, a ƙaramar mota suka fara tafiyarsu, daga ƙauye zuwa kasuwa, bisa hanyar jar ƙasa wadda ruwan damina ya zaizaye. A cikin 2023 abu biyu suka haɗu wa mutanen wannan yanki: aka janye tallafin man fetur a watan Mayu, sa'an nan wata cutar ruɓewa ta auka wa gonakin citta ta cinye mafi yawan amfanin shekarar. Direban da kuɗin shigarsa ya ragu, na kashewa ya ƙaru, abu biyu yakan yi. Ya ƙara lodi, ya kuma jinkirta gyara. Dukansu biyu a kan wannan 'yar roba suke ƙarewa.

Mene ne aikinta?

Bari mu fara daga tushe, domin mai karatu wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba. Ƙafar mota ba a manne take da jiki ba. Tilas ta riƙa hawa da sauka bisa ga yadda hanya take, amma kuma ba a so ta matsa gaba ko baya, ko ta juya dama ko hagu da ganin damarta. Abin da ke riƙe ta shi ne wani hannu na ƙarfe, kansa ɗaya a jikin ƙafar, ɗayan kuma a jikin motar. A daidai inda hannun ya haɗu da jikin mota ake sa bushin, watau bututun ƙarfe biyu, ƙarami a cikin babba, an cika tsakaninsu da roba. Babban bututun a matse yake cikin hannun, ƙaramin kuwa shi ne ƙusa ke ratsawa ta ɗaure shi da jikin mota.

Ga wurin da mutane da yawa ba su gane ba, har da waɗansu kanikawa. A bushin na asali, ba abin da ke juyawa a kan wani. Robar a like take da ƙarfen ciki da na waje tun daga masana'anta, an gasa su tare. In ƙafa ta hau ko ta sauka, robar ce ke murɗewa, kamar yadda ake murɗa tsumma, sa'an nan ta warware ta koma yadda take. Don haka ba ta bukatar giris, ba ta kuka, ƙura ba ta da inda za ta shiga. Wannan hikima ta samu ne albarkacin dabarar dafa roba da farar wuta, wadda Charles Goodyear na Amurka ya yi wa rajista a 1844, domin kafin nan roba narkewa take da zafi, ta ƙage da sanyi. Faransawa suna kiran wannan abu da sunan da ke nufin dunƙule mai hana ƙara, shi ya sa in ka tsallaka Maraɗi za ka ji kanikawan can suna cewa silanbulok.

To, roba tana tsufa. Zafin rana da na kwalta suna busar da ita ta tsattsage. Baƙin mai ko fetur in ya ɗiga a kanta, kumbura take ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Lodi fiye da kima yana murɗa ta ya wuce iyakarta, har ta ɓalle daga ƙarfen. Da zarar ta ɓalle, hannun ya sami wurin wasa, ƙafar baya ta fara tuƙa kanta. Direba yana riƙe da sitiyari yana tsammanin shi kaɗai ke tuƙi, alhali kuwa akwai wani direba na biyu a baya wanda ba ya shawara da kowa. In aka taka birki ƙafar ta buɗe waje, in aka ba da wuta ta dawo ciki, in aka faɗa rami a ji ƙwas.

Ko karkatar ba ta da yawa, ɓarnarta tana da yawa, lissafi ne ya nuna haka. Ƙafar da ta kauce daga saiti da digiri 1 kacal, a kowace kilomita sai an ja ta a gicciye wajen mita 17, kamar ana goga ta a kan dutsen niƙa. Wannan ne dalilin da za ka ga taya sabuwa ta cinye ta gefe ɗaya har waya ta fito, ɗaya gefen kuwa zanensa bai ko taɓu ba. Taya ɗaya kuwa ta fi bushin tsada nesa ba kusa ba. Wannan asarar aljihu ce. Ta rai kuwa, motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. In bayanta ya yi lilo a kwana, ga babbar mota tana tahowa, ba a samun lokacin gyara kuskure.

Abin da masu tsere suke yi

Mutanen da suka fi kowa damuwa da wannan roba a duniya su ne masu motocin tsere, kuma labarinsu bai yi nisa da mu ba kamar yadda ake zato. Motar Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, ta fito a Faransa a 1968. A 1975, shekarar da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, a shekarar ce wani mutumin Suwidin mai suna Ove Andersson ya ci tseren Safari na ƙasar Kenya da 504, tseren da ake yin fiye da kilomita 5,000 cikin taɓo da ƙura da duwatsu. A shekarar dai Hannu Mikkola na Finlan ya ci tseren Maroko da irinta, a 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da wata 504 mai babban inji. Watau motar da ta yi shekara da shekaru tana jigilar mutane tsakanin Kwoi da Kaduna da Keffi, 'yar gidan zakaru ce. Ƙaramar 504 mai ƙofa huɗu, mai darajar cikinsu, kowace ƙafar baya da hannunta daban, kowane hannu da bushinsa. Doguwar kuwa da a-kori-kura, aksul ɗaya ne ya haɗa ƙafafun biyu, domin an yi su ne don kaya.

Shi mai tsere ba ruwansa da jin daɗin zama. Bukatarsa ita ce ƙafa ta tsaya daidai inda aka saita ta, kome tsananin kwana. Roba mai laushi tana ba da kai, shi kuwa ba ya son wannan. Don haka sai ya cire ta ya sa mai tauri. Akwai ma'aunin taurin roba da ake kira ma'aunin Shore, daga 0 zuwa 100. Robar bushin da mota ke fitowa da ita takan kama daga wajen 50 zuwa 70. Wadda masu tsere ke sa wa takan kai 80 zuwa 95, kuma galibi ba roba ce ta itace ba, wani haɗi ne da ake kira foliyuretan, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jamus a 1937. Waɗanda suka yi nisa a harkar ma ba sa sa roba ko kaɗan, sai wata gaɓa ta ƙarfe zalla mai kama da ƙwallo a cikin kwasfa.

Gaskiya ne motar da aka yi wa haka takan bi umarnin sitiyari nan take. Gaskiya ne kuma foliyuretan ba ya jin tsoron mai kamar roba. Yau da yake waya ta kawo kasuwannin duniya cikin aljihu, samari masu motocin gayu a Kaduna da Abuja suna ganin waɗannan bushin masu launin ja da ɗorawa da shuɗi, suna yin odarsu, labari kuma yana gangarowa har tashar mota cewa akwai wata roba da ba ta mutuwa. A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani.

Da farko dai foliyuretan ba ya murɗewa kamar roba, zamewa yake a kan bututun ciki, saboda haka tilas a shafa masa giris na musamman. A kan kwalta mai tsabta wannan ba kome ba ne. A hanyar ƙauyukan Jaba kuwa, jar ƙura ce ke haɗuwa da giris ɗin da rani, su zama wani abu kamar yashin kwaɓi da ke cin bushin da ƙarfen tare, da damina kuma ruwa ya wanke shi ƙaf, sai ka ji mota tana kuka kamar ƙyauren da bai ga mai ba. Sa'an nan duk dukan da roba mai laushi take shanyewa, mai tauri miƙa shi take kai tsaye ga jikin mota. Motar tsere an ƙara mata ƙarfe da walda a wuraren da hannuwa ke kamawa. Motar haya da ta yi shekara 25 ko 30, ta sha gishirin titunan Turai kafin ta sha ramukan namu, wuraren nan sun riga sun yi tsatsa. Ka sa mata roba mai tauri, robar ta ƙi mutuwa, sai ƙarfen da ke riƙe da ita ya tsage. Mai bushin ya mutu yana iya lallaɓawa ya isa gida. Wanda hannun ƙafa ya tsinke masa daga jikin mota, sai dai Allah ya kiyaye.

Akwai kuma abin da ake mantawa. Motar da Andersson ya ci Safari da ita, kwana biyar kawai aka nema daga kayanta, ga ayarin kanikawa suna jiran ta a kan hanya da sababbin kaya. Direban Kwoi shekara yake nema daga nasa, kuma ayarinsa bai wuce yaron mota da sifana biyu ba.

Bushin na taya

Amma fa kada a ɗauka mu nan ba mu da namu masu neman tauri. Tun kafin a ji sunan foliyuretan, masu sana'ar hannu a Panteka ta Kaduna da garejojin Kafanchan suna yanka bushin daga tsohuwar tayar babbar mota. A sa wuƙa a fere shi daidai girman ramin, a huda tsakiya, a buga tsohon bututun ƙarfe a ciki. Ga araha, ga shi ana samu nan take, ga tauri domin akwai zare a cikin naman tayar. Direbobi da yawa sun fi amincewa da shi a kan sabon na shago, kuma in za a yi adalci suna da hujja. Kasuwar kayan gyara ta cika da jabu, kwali mai kyau da suna mai kyau, roba kuwa ta wata biyu. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1971, har yanzu ba ta ga bayan wannan ba. Na hannu da ake kira Beljiyam kuwa, ƙarfensa na asali ne, amma robar ta riga ta tsufa a jikin motar da aka ciro shi, ko da ido bai ga tsaga ba.

A ganina bushin na taya yana da wurinsa. A idon shokazoba, a ratayen salansa, a kunnen sifirin na a-kori-kura, ba laifi, yana aiki. Amma a hannun da ke riƙe da saitin ƙafa, nan kam araha ba ta ado. Dalili shi ne ba a like yake da ƙarfe ba, cusa shi aka yi. Ba ya murɗewa, juyawa bututun yake a cikinsa, yana cin ramin kaɗan kaɗan har ya yi faɗi. Kuma wuƙa ba ta huda tsakiya daidai kamar injin masana'anta. In ramin ya kauce ko da kaurin tsinken ashana ne, tun ranar farko ƙafar a karkace take. Sai direba ya yi murna ƙara ta ɗauke, bai san taya ce ke biyan kuɗin ba.

Yawancin ƙananan motocin haya a wannan yanki yanzu ba Fijo ba ne, Golf ce ta Volkswagen da danginta, musamman ƙirar da aka yi daga 1991 zuwa ƙarshen shekarun nan na 1990. Ita Golf ba ta da hannuwa daban daban a baya. Ƙarfe ɗaya ne mai kama da harafin H ya riƙe ƙafafun biyu, kuma abin da ya haɗa shi da jikin mota manyan bushin biyu ne kawai, ɗaya dama ɗaya hagu. Duk ja da turi da bayan motar ke sha a kan waɗannan biyun yake. Kuma ba dunƙulen roba ba ne kurum, an yi su da siffa ta musamman yadda za su ba da kai ta wani ɓangare su ƙi ta wani, domin in mota ta shiga kwana su hana bayan ya buɗe. Suna da gaba da baya, suna da sama da ƙasa. Wuƙa ba ta iya fere wannan.

Inda gyara ke lalacewa

Ko an sami na ƙwarai, hannun da ya sa shi yana iya kashe shi tun kafin mota ta bar gareji. Yadda aka saba cire tsohon shi ne a cinna masa wuta har robar ta ƙone, a buge sauran da guduma. Wutar tana cinye fentin da ke kare ƙarfen daga tsatsa, in ta yi yawa ta raunana shi, ban da hayaƙin da yaran gareji ke shaƙa. Sabon kuma a buga shi da guduma, bakin bututun ya lanƙwashe. Abin da ya dace shi ne a matsa shi da injin matsi, in babu a yi amfani da doguwar ƙusa mai zare da faifan ƙarfe a ja shi a hankali. In ana son ya zame, ruwan sabulu ake shafawa, ba baƙin mai ba. Kafin a cire tsohon kuma a sa alama da alli a ga yadda yake fuskanta, a kuma sake na dama da na hagu tare, domin sabo a gefe ɗaya da matacce a ɗaya gefen shi ma yana sa mota ta ja.

Babban kuskuren kuwa, wanda ba ya cin ko kwabo a gyara shi, shi ne lokacin ɗaure ƙusa. Mota tana kan jak, ƙafafu suna reto, bakanike ya ɗaure tam domin a nan ne hannunsa ke shiga da sauƙi. Da aka sauke motar, nauyinta ya danna, sai robar ta murɗe tun mota tana tsaye ba kowa a ciki. Aka zuba buhuna, ta ƙara murɗewa. Aka faɗa rami, ta yage. Bayan 'yan makonni direba ya dawo yana zagin mai shago, mai shago yana rantsuwa kayansa na asali ne, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. Ƙa'ida ita ce a ɗaura ƙusar sako-sako, a sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, a ɗan girgiza ta, sa'an nan a shiga rami a ƙarasa ɗaurewa. Daga nan a kai ta wurin masu saitin ƙafa a duba.

Saura maganar lodi, wadda direbobi ba sa son ji. Ƙaramar mota irin Golf, abin da aka yi ta ta ɗauka wajen rabin tan ne, har da direba da fasinjoji. Mutum biyar manya sun riga sun cinye fiye da rabin wannan kafin a sa buhu ko ɗaya. Dabarar da aka saba ita ce a sa sifirin mai ƙarfi na wata mota, ko a cusa roba a ƙarƙashinsa don bayan ya ɗaga. Gindin mota ya daina goga ƙasa kam, amma bushin da ƙusoshi da birki suna nan yadda suke. Akwai ma wata illa a ɓoye. Yawancin waɗannan tsofaffin motoci, har da 504, suna da wani ɗan bawul a baya wanda ke auna yadda mota ta zauna, in ta yi ƙasa ya san akwai kaya ya ƙara wa ƙafafun baya ƙarfin birki, in ta ɗaga ya rage. Motar da aka ɗaga da ƙarfin tsiya, tana ɗauke da lodin mota biyu, bawul ɗin yana ganin kamar ba kowa a ciki. Sai a gangara, ranar da akuya ko ɗan makaranta ya gifta, direba ya taka birki ya ji motar tana ci gaba da tafiya.

Hukumar kiyaye haɗura, wadda aka kafa a 1988, da ma'aikatan duba lafiyar motoci, abin da suka fi gani a bakin hanya shi ne takardu da taya da fitila, domin ba a tsayar da mota a kan titi a shiga ƙarƙashinta. Waɗanda ke da damar yin haka su ne shugabannin tasha, tun da su ne ke rubuta layi, su ne kuma suka san motar kowa. Gwajin ba shi da wuya. A ja birkin hannu, mutum biyu su tura motar gaba da baya, na uku ya tsuguna ya kalli ƙafar baya, in tana matsawa a cikin ramin bodi alhali taya ba ta juya ba, bushin ya tafi. A shafa tafin hannu a kan zanen taya a gicciye, in ta wani gefen sumul ne ta ɗayan kuma yana kama hannu kamar haƙoran zarto, saiti ya ɓaci. A ɗaga motar a zura ƙarfen cire taya kusa da bushin a ɗan danna, mai lafiya zai ba da kai kaɗan ya dawo, matacce kuwa zai yi ƙwas. Duka aikin bai kai minti 10 ba, kuma lokacinsa shi ne watan Oktoba, sa'ad da ruwa ke ɗaukewa, kafin buhunan farko su fara fitowa daga Nok da sauran ƙauyuka zuwa kasuwar Kwoi.